Raƙumi a Cikin Marsiyya: Dalilin da Ya Sa Muke Auna Waƙa Kafin a Rera Ta

 'Yan'uwa mazauna zanguna, na nan Ghana da na sauran ƙasashen da Allah ya zaunar da mu.

Wata biyu ke nan da Allah ya yi wa tsohon malamin makarantar allon zangonmu rasuwa. Ya fi shekara 40 yana zaune a kan buzu guda a zaure guda, kuma da wuya a sami gida a unguwar nan da babu wanda ya wanke allo a hannunsa. Da addu'ar arba'in ta matso, Sarkin zango, wanda muke yi wa hidimar magatakarda, ya ce yana son a rera wa marigayin marsiyya da Hausa, domin mata da yara su ma su ji abin da ake faɗa. Wani matashi daga cikin almajiran marigayin, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, ya kawo waƙa mai baiti 12. Al'adar fada ce duk takardar da za a karanta a gaban Sarki sai ta bi ta hannunmu. Muka karanta, muka yi mata alamomi da jan alƙalami, muka mayar masa. Bai kwana ba sai da ya rubuta a Facebook cewa tsofaffin fada suna so su ɗaure Hausa da igiyar Larabawa, kuma wai hawaye ba ya bukatar sikeli.

Mun riga mun shirya da shi, kuma da izininsa muke kawo baitocinsa a nan ba tare da ambaton sunansa ba. Sai dai ƙurar da maganarsa ta tayar ba ta kwanta ba, har yanzu ana tafka ta a majalisun shayi da zaurukan WhatsApp. Shi ya sa muka nemi izinin Sarki mu bayyana matsayinmu a fili. A ganinmu, waƙar da za a rera a bainar jama'a wajibi ne a auna karinta, a duba amsa-amonta, a kuma san dalilin kowane maimaici da ke cikinta. Mu da muke zaune nesa da ƙasar Hausa kuwa mun fi mutanen Kano da Damagaram bukatar wannan awon.

Mu fara da kari, tun da a kansa gardamar ta fi zafi. Ga baitin farko kamar yadda ya zo mana:

Marayu da baƙi da talakawan gari,
Kowa yana kuka saboda rashin Malami.

Ma'anar ba ta da aibi ko kaɗan. Amma duk wanda ya gwada rera ɗangayen nan biyu da murya guda zai ji harshensa ya yi tuntuɓe. Ɗangon farko gaɓa 13 gare shi, na biyu 14, kuma ko da adadin ya zo daidai ba a tsira ba, domin abin da ake aunawa a waƙar Hausa shi ne nauyin gaɓoɓi da yadda aka jera su. Gaɓa iri biyu ce a harshenmu. Akwai sassauƙa, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "mu". Akwai kuma nannauya, wato baƙi da dogon wasali kamar "baa" a cikin baƙo, ko mai tagwan wasali kamar "lau" a cikin talauci, ko wadda baƙi ya rufe kamar "zan" a cikin zango. Haka gaɓar Larabci take, shi ya sa ma'aunin aruli ya zauna wa Hausa daram. Turawan Ingila ƙarfin furuci suke ƙirgawa a waƙarsu, Faransawa kuma adadin gaɓoɓi. Yaronmu da ya karanta adabi a makarantar boko a Kumasi ko Yawunde ko Injamena ya koyi ɗaya daga cikin waɗancan ma'aunai biyu, kuma babu wanda zai yi masa aiki a Hausa.

Abin da ya fara ba mu sha'awa shi ne kunnen yaron ya san hanya tun kafin kansa ya sani. A duba kalmominsa na farko: Ma-raa-yuu, da-baa-ƙii. Sassauƙa ɗaya da nannauya biyu, sai kuma sassauƙa ɗaya da nannauya biyu. Wannan shi ne fa'uulun fa'uulun, ƙafar karin mutaƙarabi. Shekarun da ya yi yana jin ƙasidu a zauren marigayi ba su tafi banza ba. Inda ya zame shi ne "da talakawan", domin gaɓoɓi sassauƙa uku sun jeru a inda ake jiran ɗaya. Daga nan karin ya kuɓuce masa, ɗango na biyu ya zama zance irin na yau da kullum wanda aka maƙala wa "Malami" a wutsiya.

Bayan da Sarki ya kira shi ya ce masa, "Ɗana, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba," mun zauna da shi dare uku bayan isha'i. Ba mu rubuta masa ko ɗango ɗaya ba. Muna tafa hannu, shi kuma yana lalubo kalmar da za ta faɗa a kan tafin. Ga abin da baitin ya koma:

Maraya a zango da baƙon gari,
Suna nan suna tambayar Malami.

Idan aka yanka shi ƙafa-ƙafa, ga yadda zai fito:

Ma-raa-yaa / a-zan-goo / da-baa-ƙon / ga-rii
Su-naa-nan / su-naa-tam / ba-yar-maa / la-mii

Kowane ɗango gaɓa 11, ƙafa uku cikakku, ta huɗu kuma an datse mata gaɓar ƙarshe, abin da malaman aruli ke kira illar hazfi. A lura da abin da awon ya jawo wa ma'ana. Da farko "kowa yana kuka" ne, maganar da za a iya yi wa kowane mamaci a kowane gari. Da kari ya hana shi wannan sauƙin, sai ya tsaya ya tuna abin da ya gani da idonsa: maraya da baƙo suna zuwa ƙofar zaure suna cigiyar mutumin da ya saba tarbarsu. Ƙuncin ma'aunin ne ya tura shi ya nemo maganar da ta dace da wannan mamacin shi kaɗai.

Kada a ɗauka ma'aunin ba shi da sassauci. A baiti na biyu ya rubuta:

Amana da kunya da tsoron Gwani,
Da su ne ya tanƙwara azzalumi.

Ƙafa ta biyu a ɗangon ƙarshe, ya-tan-ƙwa, ta ƙare da sassauƙa maimakon nannauya. Wannan zihafi ne da ake kira ƙabli, kuma aruli ya halatta shi a mutaƙarabi. Mun gaya masa yana da damar barin sa. Da ya rera sau biyu, shi da kansa ya ce ya fi jin daɗin "ya kayar da azzalumi", wanda ya cika ƙafar. Amfanin ilimin ke nan: mutum ya san inda aka yi masa rangwame da inda waƙarsa ta karye, ya yi zaɓi da saninsa.

Sai amsa-amo, wanda malamanmu na zaure ke kira ƙafiya. Waƙar 'yar ƙwar biyu ce, kuma ya zaɓi "mi" ya zama babban amsa-amon da zai rufe kowane baiti. Zaɓi ne mai kyau, domin shi ne harafin da Imam Busiri ya gina Burda a kansa, baiti kusan 160 a karin basiɗi, kuma kunnen jama'armu ya saba da shi. Sai dai mun sami aibi iri uku. Na farko, kalmar "Malami" ita ta rufe baiti 7 cikin 12. Malaman ƙafiya suna kiran wannan iɗa'i, wato maimaita kalmar amsa-amo da ma'anarta guda kafin a wuce baiti bakwai, kuma alama ce ta rumbun kalmomin marubuci ya yi ƙasa. Na biyu, wani baiti ya ƙare da "zamani". Nauyin kalmar ya yi daidai, amma "ni" ba "mi" ba ce. Haɗa haruffa masu kusancin mafita irin mim da nun shi ake kira ikfa'i. A waƙar Hausa rubutacciya gaɓar ƙarshe gaba ɗaya ake so ta dace, baƙinta da wasalinta, wasali kaɗai ba ya wadatarwa.

Aibi na uku shi ya ba fada dariya a cikin makoki. Da kalmomin "mi" suka ƙare masa, sai ya kira marigayi raƙumi. Da muka karanta wa Sarki baitin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kakanninmu da jakuna suka zo Gwanja ɗaukar goro. Wa ya kawo raƙumi kurmin Asante?" Wannan shi ne ciko, kalmar da ba ma'ana ce ta kira ta ba, amsa-amo ne ya jawo ta da ƙarfi. Akwai ma wani abu da kunne ke ji ko da ba a san sunansa ba. A furta malami, jarumi, hakimi, azzalumi: gaɓoɓi ukun ƙarshe duk sama, ƙasa, sama suke tafiya. Raƙumi kuwa da ƙasa yake farawa sannan ya hau ya tsaya a sama. Marigayi Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Zariya ya yi nazari a kan yadda mawaƙan Hausa ke daidaita karin sauti a ƙarshen ɗangaye, ban da daidaita haruffa. Ashe raƙumin nan ko a sauti baƙo ne a cikin ayarin. Aka sallame shi, jarumi ya maye gurbinsa.

Sai maimaici. A nan matashin ya kama mu da tambaya mai ma'ana. Ya ce, "Kawu, kun ce maimaita Malami aibi ne, ga shi kuma kuna cewa in sa amshi wanda za a maimaita sau 12. Ina bambancin?" Bambancin yana ga wanda maimaicin ke yi wa aiki. Iɗa'i marubuci yake rufa wa asiri a lokacin da ya rasa abin faɗa. Amshi kuwa rabon jama'a ne a cikin waƙa. Mai rerawa yana da takarda a hannunsa, tsohuwar da ke zaune a bayan rumfa ba ta da ita, kuma amshi ne ƙofar da take shiga ta zama cikin masu addu'a. Ga wanda ya tsara:

Ilahi ka yafe kuren Malami.

Ɗango ɗaya ne, a kan kari guda da sauran, gajere yadda za a riƙe shi daga ji na biyu. Sa'annan amshi nagari ma'anarsa tana ƙaruwa da kowane baiti da ya gabace shi. Bayan baitin da ya ambaci marayu, roƙon yafiya yana zuwa da tausayi. Bayan baitin da ya ambaci dorinar da Malam ke horon yara da ita, roƙon nan guda sai ya zama yafiyar almajirai ga malaminsu. Magabata sun san wannan sarai. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kalmomin da aka raɗa mata suna da su ne ke rufe baitocinta, kuma kowace dawowa tana ƙara wa gargaɗin nauyi. Akwai kuma ƙaramin maimaici a cikin ɗango, irin "suna nan suna tambayar" da ke baitin farko. "Suna" ta biyu ita ke nuna cewa zuwan ba sau ɗaya ba ne, kullum sai sun dawo. Duk maimaicin da aka tambayi aikinsa aka sami amsa irin wannan, a bar shi. Wanda ba shi da amsa a cire shi.

Yanzu mu koma ga hujjojin masu suka, domin ba duka ne na yarwa ba.

Suna cewa aruli kayan Larabawa ne, kuma Mamman Shata da Narambaɗa ba su karanta Hazarajiyya ba, amma wa ya kai su? Gaskiya ne ba su karanta ba. Sai dai Shata yana da kalangu a bayansa, Narambaɗa yana da kotso, Ɗanmaraya Jos yana da kuntigi a hannunsa. Kiɗa ne ma'auninsu, kuma makaɗin da ya saɓa wa gangarsa 'yan amshinsa ne za su fara sanin ya kauce. Rubutacciyar waƙa ba ta da ganga, saboda haka dole kiɗanta ya kasance a cikin gaɓoɓinta. Shi kansa Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra da ya rayu a ƙarni na 2 na Hijira, ba shi ya ƙago karuruwan ba. Mawaƙan jahiliyya sun riga shi da ƙarnoni. Saurare ya yi, ya tattara kari 15 da ya tarar ana waƙa a kansu, daga baya Ahfashu ya ƙara na 16. Aruli bayanin abin da kunne ya riga ya yarda da shi ne. Kuma mun yarda Hausa ba ta tsaya inda Larabci ya tsaya ba. Marubutanmu sukan sa sassauƙa biyu a gurbin nannauya ɗaya a wuraren da littattafan aruli ba su ambata ba, wasu kuma sun ɗauko kari daga waƙoƙin baka sun zuba rubutacciya a ciki. Malamai irin su Farfesa M.K.M. Galadanci da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero sun yi aiki a kan wannan fanni. Ba mu ce dole kowace waƙa ta shiga ɗaya daga cikin 16 ɗin nan ba. Wanda ya ga dama ya ɗauki karinsa daga luguden matan gidansu. Sharaɗin kawai shi ne abin da ya ɗauka a baitin farko ya riƙe shi har na ƙarshe.

Suna cewa kuma feɗe waƙa yana kashe ta, baƙin ciki ba ya jiran lissafi. Ba mu taɓa shakkar hawayen yaron nan ba, mun ga idonsa ranar jana'iza. Amma marsiyya ba don marubucinta kaɗai ake yin ta ba. Ana yin ta ne domin mutane su ɗauka su riƙe, kuma abin da ba shi da kari ba ya zama a ka. Dalilin da ya sa malamai suka mayar da nahawu da fiƙihu waƙa ke nan. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Alfiyyar Ibn Malik da littafin Ibn Ashir a karin rajazu suke, kuma da a zube aka rubuta su da ba mu haddace rabinsu ba. Alfazazi ya rasu a shekara ta 627 ta Hijira, amma har gobe ana karanta Ishiriniyarsa a zangunanmu, baiti 20 ga kowane harafi, a karin ɗawili, da tahamisin Ibn Mahib. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta isar da karatu ga matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗin 'Yantaru, waɗanda suke haddacewa su kai wa na gida. Da baitocinta suna tuntuɓe, da sun zube a hanya.

Hujja ta uku ita ta fi ƙarfi. Suna cewa Hausar zango daban take da ta Kano, don haka zalunci ne a auna ta da mudun Kano. A bakin da yawa daga cikin 'ya'yanmu "ƙ" da "k" sun zama ɗaya, haka "ɗ" da "d", kuma bambancin "ya" da "ta" ya yi rauni. Mun karɓi rabin wannan hujja. Mawaƙan Sakkwato da Sakkwatanci suka yi waƙa, babu wanda ya ce su koma Kananci. Ɗan zango ma yana da haƙƙin ya sa kalmomin garinsa, ya ambaci abin da yake ci da motar da yake hawa. Idan ya haɗa "ki" da "ƙi" a amsa-amo saboda a bakinsa ɗaya suke, ba za mu hana a rera waƙarsa a nan ba, amma za mu gaya masa cewa ranar da ta ƙetara zuwa Katsina ko Maraɗi za a ji saɓanin. Ɗaya rabin hujjar kuwa a kansu take komawa, kuma shi ne dalilin da ya sa muka ce mun fi kowa bukatar awo.

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" da ake zama a ciki da "gari" da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, alhali na farko sassauƙa ce ke buɗe shi, na biyu nannauya. Haka "suna" na yanka rago da "suna" na suna zuwa, haka "duka" na gaba ɗaya da "duka" na sanda. Yaron Kano ko bai taɓa jin sunan aruli ba, kasuwa da tsakar gida za su gyara masa baki kullum. Namu yaron da Turanci yake wuni a makaranta, da Tuwi ko wani harshen gari yake ciniki, kuma Hausar da ya fi karantawa ita ce ta fuskar waya, inda ba dogo ba gajere. Waƙa mai kari ita ce wurin da tsawon wasali ba ya ɓuya. Wanda ya haddace "da baƙon gari" a kan mutaƙarabi ba zai ƙara ja wa "ga" ɗin gari tsawo ba, domin karin ba zai bar shi ba. Ajami yana da wannan falala a kan boko, domin yana nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, kuma raguwar masu karanta shi a zanguna ta ƙara mana nauyin riƙe ma'aunin da kunne.

Akwai kuma amanar takardu. A adakar Sarki akwai tsofaffin waƙoƙi na ajami a cikin gafaka, wasu gara ta ci gefensu, wasu mai kwafa ya tsallake kalma. Sau da yawa kari da amsa-amo ne suke gaya mana nauyin kalmar da ta ɓace da harafin da ta ƙare da shi, daga nan sai a lalubo ta. Wannan ƙasa ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya koma Kete Krachi bayan yaƙin Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934, a nan ya yi waƙoƙinsa na Larabci da na Hausa, cikinsu har da Waƙar Nasara da Waƙar Talauci da Wadata. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi garuruwa tana tattara kwafin rubuce-rubucen malamanmu. Takardun suna nan a ajiye. Idan muka tashi zuriyar da ba ta iya bambance sassauƙa da nannauya, za mu zama masu gadon da sai baƙo ya zo ya karanta musu wasiyyar kakansu.

Mu ma tsofaffi muna da namu laifin, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Jan alƙalamin da muka yi wa takardar yaron nan ba tare da kalmar bayani ko ɗaya ba kuskure ne. Mun karɓi wannan ilimi a gaban malamai da haƙuri, baiti bayan baiti, sannan muka mayar da shi sandar korar na baya. Matasan zango suna son waƙa, wayoyinsu cike suke da ita, wasunsu ma suna shiga ɗakin ɗaukar murya da kuɗin aljihunsu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna da su ya tafa musu hannu. Da mun yi haka tun ranar farko, da maganar ba ta kai Facebook ba.

Ranar arba'in shi ya rera waƙarsa da bakinsa, tun da an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A baiti na farko shi kaɗai ya yi amshin. A na biyu almajirai suka kama. Kafin a kai na biyar muka ji muryoyin mata daga bayan rumfa sun shigo, ba tare da an raba wa kowa takarda ba. Bayan kwana biyu muka ji wata yarinya mai tallan koko tana rera baitin maraya a bakin masallaci, ba ta kuskure gaɓa ɗaya ba.

Saboda haka Sarki ya ba da izini a buɗe zama a zauren marigayi kowace Alhamis bayan la'asar, tun da ranar babu karatun allo. Za a fara da rarrabe gaɓoɓi, sannan mutaƙarabi da rajazu, sannan karatun ajami. Ba a biyan ko sisi, kuma matashin nan shi zai riƙe rajistar masu zuwa. Mai waƙa ya zo da waƙarsa, ko ta yabon Annabi ce, ko ta aure, ko ta ƙwallo. Wanda yake da tsofaffin takardun kakansa a gida ya kawo a duba tare, a ɗauki hotonsu, ya koma da abinsa. 'Yan'uwa na sauran zanguna kuma, idan akwai mai wannan ilimi a cikinku, ku neme shi tun yana da rai ku zauna a gabansa.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya shiryi zuriyarmu.